Rikicin Iamaleava da Jami'ar Tennessee: ɗalibin da ake biya albashi amma aka hana shi sunan ma'aikaci

A ranar Juma'a, 11 ga Afrilun 2025, Nico Iamaleava bai halarci atisayen ƙungiyar zari-ruga irin ta Amurka ta Jami'ar Tennessee ba. Washegari mai horarwa Josh Heupel ya sanar cewa ƙungiyar ta raba gari da shi. Matashin mai shekara 20 shi ne kwatabak ɗinta, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya yanke shawarar jefa ta ko miƙa ta. Kafafen labaran Amurka sun ruwaito cewa makusantansa sun nemi a ƙara masa kuɗi daga sama da dala miliyan 2 a shekara zuwa kusan miliyan 4. Shi kuwa daga baya ya ce son kusantar danginsa ne ya mayar da shi Kalifoniya, inda ya koma Jami'ar UCLA.

Magoya baya sun yi masa ca, suna kiransa butulu. Sai dai tarihin zamansa a Tennessee ya nuna cewa ciniki ne tun ranar farko. A 2022, yana makarantar sakandare, aka ruwaito ya ƙulla yarjejeniyar da za ta iya kaiwa dala miliyan 8 da wata ƙungiyar masu tallafa wa jami'ar da kuɗi. Da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara binciken yadda aka ɗauko shi, manyan lauyoyin gwamnatocin jihohin Tennessee da Virginia ne suka maka ta a kotu, kuma a Fabrairun 2024 alƙali ya dakatar da ita daga hana irin wannan ciniki. Jihar da ta je kotu domin kare 'yancin yaron na yin ciniki, ita ce jama'arta suka fusata ranar da ya juyo da cinikin kansu.

A fili bai gaza ba, ko da yake bai kai yadda aka zuzuta shi ba. A wasan farko da ya fara a matsayin kwatabak, ranar 1 ga Janairun 2024, Tennessee ta lallasa Iowa da ci 35 da nema. A kakar 2024 ta ci wasa 10, ta sha kashi a 3, ta shiga gasar fitar da zakaran ƙasa, inda Ohio State ta kore ta da ci 42 da 17.

Abin dubawa shi ne wa ke cin moriyar wannan gumi. Filin wasa na Neyland yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Albashin Heupel ya kai dala miliyan 9 a shekara, kuma shi kansa a Janairun 2021 ya baro Jami'ar UCF ya taho Tennessee, babu wanda ya kira shi maci amana. Shekaru aru-aru masu horarwa suna sauya sheƙa duk lokacin da tayi ya fi tsoka, alhali 'yan wasan da ke karya ƙashi a fili ba su da iznin karɓar ko sisi bayan kuɗin karatu. A 2013 an dakatar da Johnny Manziel na Texas A&M rabin wasa kan batun sa hannu a kayan tunawa, ƙasa da shekara guda bayan ya lashe kyautar Heisman.

Kotuna ne suka rusa wannan tsari, ba tausayin jami'o'i ba. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su sami kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sasantawar shari'ar House, wadda ta tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8, ta kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Duk da haka jami'o'in sun kafe cewa waɗannan matasa ɗalibai ne, ba ma'aikata ba. Nan gizo ke saƙar. A gasar ƙwararru ta NFL akwai ƙungiyar ƙwadago da yarjejeniyar da ta fayyace abin da zai biyo baya idan ɗan wasa ya ƙi zuwa atisaye. A jami'a babu teburin da za a zauna a tsara hakan, domin amincewa da teburin amincewa ne da cewa akwai ma'aikaci a ɗaya ɓangaren. Wani kwatabak, Kain Colter na Jami'ar Northwestern, ya gwada kafa ƙungiyar ƙwadago a 2014. Ya yi nasara a matakin farko, amma a Agustan 2015 hukumar ƙwadago ta ƙasa ta janye hannunta daga maganar. Abin da ya rage wa ɗan wasa irin Iamaleava shi ne barazanar tafiya, abin da ya rage wa jami'a kuma shi ne nuna masa ƙofa.

Lissafin bai yi masa kyau ba. UCLA ta sha kashi a wasanni huɗu na farko a 2025, ta kori mai horarwa DeShaun Foster bayan na uku, ta ƙare kakar da nasara 3 kacal, duk da cewa Iamaleava ya jagoranci doke Penn State da ci 42 da 37. Joey Aguilar, wanda zuwansa ya tura waje daga UCLA, shi ya gaji kujerarsa a Tennessee.

Takaddamar yanzu tana gaban kotu da majalisa. A Yulin 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce, a shari'ar Johnson, ana iya ɗaukar 'yan wasan jami'a a matsayin ma'aikata idan suka cika wasu sharuɗɗa. Shekara guda bayan haka aka gabatar da ƙudurin SCORE a Majalisar Wakilai, da goyon bayan NCAA, kuma ɗaya daga cikin sassansa ya haramta ba su wannan matsayi.