Doki a Paris, Asara a Kalley

An daɗe ana maimaita mana wata magana a Yamai har kunnuwanmu sun saba da ita: wai cacar dawaki da kamfanin gwamnati LONANI ke sayarwa, wadda kowa ya sani da PMU, ba ta cutar da kowa. Ba a tilasta wa kowa ba, in ji su. Wanda ya ga dama ya sayi tikiti, wanda bai ga dama ba ya wuce. Mai rabo ya ɗauki rabonsa, riba kuma ta koma wa ƙasa, a tallafa wa wasanni da ita, a taimaki marasa lafiya, matasa su samu aikin zama a rumfa. Ma'aikata na faɗin haka, 'yan boko na faɗi, har mutanen da ba su taɓa sayen tikiti ba suna faɗi. Ni ban yarda ba. A ganina wannan magana ta fi cacar kanta lahani, domin ita ce ta cire mana kunyar abin da ya kamata mu ji kunyarsa.

A fara da tambayar da masu wannan magana ba su son yi: kuɗin wane ne? Kalley tsohuwar unguwa ce a tsakiyar birni, a gefen Babbar Kasuwa, kuma duk wanda ya bi titunanta da hantsi ya san fuskokin da ke tsaye a bakin rumfar PMU. Ɗan dako ne, da mai gadi, da ɗan kabu-kabu, da tela da ya bar keke, da tsohon ma'aikaci mai tabarau da ya sunkuya kan takardar jerin dawaki yana zagaye lambobi da biro. Ba za ka ga darakta a layin ba, ba za ka ga babban ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ya koma jika 42 a wata tun farkon 2024, bayan ya shekara da shekaru a kan jika 30 da 'yan canji. Mutumin da ke zuba dala ɗari kullum a rumfa, a wata ya zuba jika 15, fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan albashi. Ba daga rarar dukiya kuɗin ya fito ba. Daga cefane ya fito, daga kuɗin makaranta, daga maganin uwar gida. Harajin da masu hali ba su biya, marasa hali kaɗai ke biya, shi ake kira mana sa-kai.

Kuma yawancin masu sayen ba a taɓa zaunar da su an bayyana musu yadda abin yake tafiya ba. Ana tara kuɗin kowa wuri ɗaya, kamfani ya fara cire nasa kaso tun kafin doki ya ɗaga ƙafa, abin da ya saura shi ake raba wa waɗanda suka dace. Ko wane doki ya zo na ɗaya, kamfani bai faɗi ba, ba kuma zai taɓa faɗuwa ba. Jimillar abin da masu saye duka za su karɓa a shekara tilas ta gaza abin da suka zuba, domin haka aka gina abin. In dawaki 16 ne a fili, hanyoyin jera uku na farko bi da bi sun kai 3,360. Na jera biyar na farko sun kai 524,160. Za a ce ai dawakin ba ƙarfinsu ɗaya ba, mai nazari yana rage wannan adadi. Gaskiya ne. Amma ranar da dokin da kowa ya zaɓa ya ci, jama'a da yawa ne ke raba kason, kowa ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar da aka samu kuɗi mai kauri kuwa, ranar ce nazari ya tashi a banza. Wane nazari ma mutum zai yi wa dokin da bai taɓa gani ba, bai san mahayinsa ba, bai san ko an kwana ana ruwa a filin Vincennes na Paris ba?

Faransawa da suka ƙirƙiro wannan tsari sun san abin da suke nema da shi. Dokarsu ta 1891 ta halatta cacar ne a filayen sukuwa da sunan inganta kiwon dawaki. A 1930 aka ba da izinin sayar da tikiti a cikin gari, nan PMU ta samo asali. Wani mai suna André Carrus ya fito da tiyarse, cacar jera dawaki uku na farko, a 1954, kinte kuma, ta jera biyar, ta zo a 1989. Ƙungiyoyin sukuwa na Faransa su ne masu PMU ɗin can, kuma ribarta tana komawa ga masu kiwon doki, da masu horarwa, da mahaya, da maƙeran takalmin doki, da manoman da ke noma abincinsa. Ban ce wannan ya wanke caca ba. Amma ko a ma'auninsu, kuɗin yana zagayawa cikin gonakinsu da barugansu. Mu fa? Mu ba baƙin doki ba ne. Mai shakka ya je hawan salla a Damagaram ko a Maraɗi, ko ya leƙa filin sukuwa na Yamai ranar da ake tsere. Abin da ke isa ga dokin gida daga wannan ciniki, in ma ya isa, kyautar ranar biki ce, ba sana'ar da za ta riƙe makiyayi shekara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da muke ciki. Sojojin Faransa sun gama ficewa daga ƙasar nan a Disamban 2023. A Oktoban 2024 an cire sunan de Gaulle daga babban titi an sa na Djibo Bakary. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, a Yuni kuma ta karɓe kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR. Duk wannan an yi shi da sunan 'yancin kai. To yaya kamfanin gwamnatin nan ɗin zai ci gaba da kiran talakawanta kowace rana su kasa kunne ga filayen sukuwar Longchamp da Auteuil? 'Yancin da ya kai ga allon titi ya kamata ya kai ga aljihun ɗan dako.

Sai batun wasanni, wanda shi ne babbar garkuwar masu kare PMU. A nuna mini abin da wannan tallafi ya gina. Lambobin Olamfik biyu ƙasar nan take da su: tagullar Issaka Daboré a damben zamani a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a Rio a 2016. Shekara 44 tsakaninsu. Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013, daga nan shiru. Filin wasa na Janar Seyni Kountché, da aka buɗe a 1989, ya kai matsayin da hukumar ƙwallon Afirka ta ƙi amincewa da shi, har Mena ta riƙa karɓar baƙinta a Maroko da Togo. Ranar da ta lallasa Sudan da ci 4 da nema a Nuwamban 2024, a Lome aka yi wasan, yaran Kalley a talabijin suka gani. Kokowa kuma, da aka fara gasarta ta ƙasa a Tahoua a 1975 inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ba caca ce ta haife ta ba. Ƙauyuka ne suka haife ta bayan kaka, da makaɗa, da iyayen da ke ciyar da ɗan kokowa daga rumbunsu. Wasanni na bukatar layi nasu a kasafin kuɗi, wanda za a karanta a fili a tambayi minista a kansa. Ba su bukatar sadakar da za a liƙa wa tambarin caca a ƙirjin yaro mai shekara 15, a koya masa tun yanzu cewa rumfar nan abokiyar ɗan wasa ce.

Tsohon ma'aikacin nan mai tabarau shi ya fi tsaya mini a rai. Ya yi shekara talatin yana koyarwa, ko yana duba marasa lafiya, ko yana tuƙa motar gwamnati. Yanzu yana jiran abin da asusun fansho na CARENI ko CNSS zai ba shi, kuma abin ba ya kai shi ƙarshen wata, ga jikoki, ga hawan jini. Ba wauta ta kai shi rumfa ba. Lissafi ya yi, ya ga babu wata ƙofa da jika 50 za ta zama miliyan sai wannan. Gwamnati ta biya shi da hannun dama abin da bai isa ba, ta buɗe masa rumfa a bakin hanya ta karɓi wani abu da hannun hagu, sannan a ce ai shi ya kawo kansa. Wannan ma mai gata ne, domin mafi yawan tsofaffin ƙasar nan, manoma da makiyaya da 'yan tireda, ba su da fansho ko na dala ɗaya.

Asusun fansho ba ya ƙiba sai in akwai ma'aikata da yawa masu albashi da ke zuba masa kowane wata, su kuma ba su samuwa sai inda ake ƙera wani abu. A nan ne zancen ƙarfe ya shigo. A Say, da ba ta kai tafiyar kilomita 60 daga Yamai ba, akwai tamar ƙarfe ta ɗaruruwan miliyoyin tan da aka san da ita tun shekarun farko na mulkin kai, tana nan kwance. Akwai gawayin ƙasa a Salkadamna. An aza harsashin madatsar Kandaji a 2008 da alkawarin megawat 130, har yau ana jira, kuma mun ɗanɗana kuɗarmu a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wutar da muke dogaro da ita. Akasarin rodin da ake gina benayen Yamai da shi daga waje yake shigowa. Ba ina kiran a gina mana masana'antar ƙarfe irin ta Ajaokuta a Najeriya ba. Maƙwabtanmu sun fara ta a 1979 tare da Tarayyar Sobiyet, sun narka dukiya mai yawa, har yau ba ta yi aikin da aka gina ta dominsa ba, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Amma a shiga kasuwar Katako a ga abin da maƙeranmu ke fitarwa daga tsohon ƙarfe da gwangwani: tukwane, murhu, amalanke, ƙofofi, garma. Waɗannan mutane wuta mai tsayawa suke nema, da bashi mai sauƙi, da injin narka ƙarfe da murza shi, da gwamnatin da za ta sayi bencin makaranta da gadon asibiti a hannunsu. Yaron da ya koyi walda yana barin wani abu a duniya kowace yamma. Yaron da aka zaunar a rumfar tikiti yana kwashe kuɗi ne daga aljihu dubu zuwa akwati ɗaya, wannan kuma shi ake lissafa mana cikin samar da aikin yi.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: in gwamnati ta janye, cacar wayar salula za ta cinye matasa, kuɗin kuma ya tafi waje gaba ɗaya. Haɗarin gaskiya ne, ya ma riga ya iso kowace fada da ake shan shayi. Sai dai hukumar da ta iya rufe RFI da France 24 a 2023 ba za ta ce shafin caca ya fi ƙarfinta ba, alhali layukan waya da hanyoyin tura kuɗi duk da lasisinta suke aiki. Kuma mai sayar da caca da safe ba shi da bakin hana ta da yamma. Hukuncin addini ban tsaya a kansa ba domin babu wanda bai san shi ba a ƙasar nan. Surorin Baƙara da Ma'ida sun ambaci caca tare da giya. Ba kuma ina neman a bi talaka da bulala ba. Shi aka cuta, ba shi za a hukunta ba.

In kuɗin da PMU ke kawo wa baitulmali kaɗan ne, barinsa ba zai girgiza kasafi ba. In mai yawa ne, to abin da ake tatsa daga unguwanni irin Kalley ya fi yadda muke zato muni. Ko wanne ne, a buga mana lissafin shekara a jarida: nawa aka zuba, nawa aka mayar wa masu saye, nawa ya tafi gudanarwa, nawa ya fita waje, nawa ya isa filin wasa. Da aka kafa asusun haɗin kai na ceton ƙasa a Oktoban 2023, an fito fili an ce ana neman kuɗi, an faɗi dalili, jama'a kuma sun bayar, har da masu tallan goro. Haka ake neman kuɗi a hannun mutane masu mutunci. Kafin lissafin ya fito, a tsayar da tallan PMU a rediyo da talabijin, a ɗauke rumfuna daga kusa da makarantu da wuraren biyan fansho, a sa ranar da za a daina sayar da tikitin dawakin Faransa, a kuma fara rubuta sunayen masu zama a rumfunan tun yanzu domin a san sana'ar da za a koya wa kowannensu kafin ranar ta zo.