Sha'anin Daidaita Asusu Tsakanin Kwamfutoci, Da Sharaɗin Microsoft

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau tsarin da ya fitar a shekarar 2015, wanda kwamfutocin tafi-da-gidanka masu yawa a makarantu da ofisoshinmu suka daɗe suna aiki da shi. Kwamfutocin ba su mutu ba. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren da kamfanin yake aikowa don toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shiga. Windows 11 kuwa tana neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita.

Sai kamfanin ya buɗe wa masu kwamfutar kansu ƙofar ƙarin wa'adi na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Ya ce ko mutum ya biya dala 30, ko ya ba da maki 1,000 na ladan da kamfanin ke tara wa masu hulɗa da shi, ko kuwa ya samu kyauta, muddin ya yarda ya shiga da asusun Microsoft, ya daidaita tsare-tsaren kwamfutarsa da ma'ajiyar kamfanin. A ƙasashen Tarayyar Turai, da ƙungiyoyin masu saye suka yi ƙorafi, an ɗauke sharaɗin daidaitawar. Ƙasashenmu ba su shiga wannan rangwame ba.

To, mene ne daidaitawar nan? Akawuna sun san yadda ake ajiye littafi ɗaya a hedkwata, kowane ofishin gunduma yana kwafa daga gare shi. Haka take. Harshen da mutum ya zaɓa, da hoton fuskar allo, da kalmomin sirri na shiga intanet, duk ana ajiye su a wurin kamfanin, kowace kwamfutar da ya shiga da asusunsa sai ta ɗauko. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun Windows 8 ta 2012 ake yin ta, Google ma tana yin irinta a Chrome. Amfaninta ba ya ɓuya. Malamin da ya sha wahala kafin ya saita madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ, ba sai ya sake shan ta a kwamfuta ta biyu ba.

Amma an ƙera ta ne bisa zaton kowane asusu na mutum ɗaya ne, kwamfutocin kuma nasa ne. A wurinmu al'amarin a juye yake: kwamfuta ɗaya, hannaye goma. Mun taɓa zuwa rangadi wata makaranta, muka tarar malami ya shiga kwamfutar ofis da asusunsa na gida, domin shi kaɗai ne ya iya saitawa. Da aka yi masa canjin wurin aiki, takardun sakamakon jarrabawar yara suka bi shi, kalmomin sirrinsa kuma suka zauna a ofis ga duk wanda ya buɗe. Ba mu ɗora masa laifi ba, don babu wanda ya ba shi wata hanya.

Akwai kuma abin da jama'a ba su cika lura da shi ba. Daidaitawa ba ta bambance gyara da ɓarna. In an haɗa takardu da OneDrive, aka goge ɗaya a wannan kwamfuta, za ta ɓace a sauran duka. Ana iya maido ta daga kwandon shara, amma cikin kwana 30 ne ga asusun mutum, kwana 93 ga asusun makaranta ko ma'aikata. Wurin ajiya na kyauta kuma gigabait 5 ne tak, wanda hotunan bikin rabon kyaututtuka kaɗai suna iya cinye shi. Kuɗin data kuwa, daga aljihun malami yake fita.

A ganinmu, hukumomin ilimi ne ya kamata su ɗauki nauyin wannan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni, 2023, ta ɗora alhakin tsare bayanan mutane a kan wanda ya tattara su, kuma sunan yaro da makinsa suna cikin irin bayanan nan. Lalle ne kowace makaranta ta sami asusu da sunanta, shugaban makaranta ya riƙe kalmar sirrin, a sake ta duk lokacin da aka yi canjin ma'aikaci. Kowane malami kuma a buɗe masa ƙofarsa daban a kwamfutar ofis. Microsoft ta sanya wa makarantu farashin ƙarin wa'adi na dabam, dala 1 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, 2 a ta biyu, 4 a ta uku, amma sai hukuma ta nema da sunanta. Malami shi kaɗai ba shi da ikon nemansa.