Taliyar Amarya Da Ta Yi Ƙaura Zuwa Amurka

A kudancin ƙasar Italiya, musamman a birnin Napoli da kewayensa da kuma tsibirin Sisili, akwai wata irin taliya da ake kira ziti. Doguwa ce, ta fi taƙi guda, tana da rami a cikinta kamar makaroni, jikinta sumul babu zane. A bakin mutanen wannan yanki, zita ita ce amarya, zito kuwa ango, saboda haka in an ce ziti, ango da amarya ke nan. Ta sami wannan suna ne domin ita ake dafa wa jama'a ranar ɗaurin aure. Da yake tsawonta ya fi ƙarfin tukunya, sai an kakkarya ta da hannu kafin a zuba, kuma ɓarɓashin da ke zubowa wajen karyawar ba a zubar da shi, tare ake dafawa, har akwai masu cewa shi ya fi daɗi domin shi ya fi shan miya.

Yau kuwa, in mutum ya ambaci ziti a birnin New York, ko a jihar New Jersey, ko a Filadelfiya, ba amarya ce za ta fara faɗo wa mai sauraro a rai ba. Abin da zai tuna shi ne wani faffaɗan tire mai zurfi da ake fitowa da shi daga tanderu yana tafarfasa, taliya ta haɗu da jar miyar tumatir da farin cukun nan mai taushi da ake kira ricotta, samansa ya yi ja-ja ya ƙame. Zai tuna da kakarsa, da ranar Lahadi, da teburin da ya yi wa dangi kaɗan har sai an jona masa wani. Jikokin Italiyawa na Amurka suna rantsuwa cewa wannan shi ne abincin da iyayensu suka zo da shi daga gida. Gaskiyar maganar ita ce, yawancin waɗanda suka ƙetaro tekun ba su taɓa cin irinsa a gida ba sai ranar biki, wasu ma ko ranar bikin.

Bayan da aka haɗa Italiya ta zama ƙasa guda a 1861, talakan kudu bai ga canji a tukunyarsa ba. Gonaki suna hannun manyan masu ƙasa, haraji ya yi nauyi, manomi yana aikin ƙodago daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Abincinsa burodi ne mai tauri, da wake, da ganyaye, da ɗan man zaitun in ya samu. Nama sai Kirsimeti, ko Ista, ko ranar da aka aurar da 'ya. Mutanen cikin birnin Napoli kam sun saba da taliya tun ƙarni na 17, har aka yi musu laƙabi da maciya makaroni, bayan a dā ana ce musu maciya ganye, amma ga baƙauye taliya abin marmari ce. Wadda aka gasa da nama da ƙwai da cuku kuwa, wannan tuwon girma ne. A cikin littafin Il Gattopardo na Giuseppe Tomasi di Lampedusa, wanda ya fito a 1958, irin wannan gasasshiyar makaroni ce wani basaraken Sisili ya karɓi manyan baƙinsa da ita. Ko talaka ya tara kayan haɗin, sau da yawa ba shi da tanderu a ɗakinsa, sai a ɗauki tiren a kai wa mai gasa burodin unguwa.

Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan 4 suka shiga Amurka, mafi yawansu daga kudu, da yawa ta tsibirin Ellis wanda aka buɗe a 1892. Sun yi haƙar hanyoyi, sun yi dako a tashar jiragen ruwa, matansu sun yi ɗinki a masana'antu, sun cunkushe a ƙananan ɗakuna a titin Mulberry da gabashin Harlem da arewacin birnin Boston. Wahala dai ba ta bar su ba, amma sun tarar da abu guda da ba su saba gani ba: lebura yana iya sayen nama da ladan aikinsa na mako. Masaniyar tarihi Hasia Diner, a littafinta Hungering for America na 2001, ta nuna cewa da waɗannan baƙi suka sami hali, abincin masu gidansu na can gida suka shiga ci, wanda a dā sai dai su hango shi daga bakin ƙofa. Abin da ake yi sau biyu ko uku a shekara ya koma na kowace Lahadi.

Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, ya katse taliyar da ake kawowa daga Italiya, sai masana'antun da baƙin suka kafa suka cike gurbin, irin su Prince da aka buɗe a Boston a 1912 da Ronzoni a New York a 1915. Ziti ta koma zuwa a yanke cikin kwali, babu sauran karyawa. Gidajen haya suka sami murhun gas mai tanderu. Malaman makaranta da ma'aikatan kyautata rayuwar baƙi na wancan zamani sun yi ta fama su raba Italiyawa da tafarnuwa da tumatir da cakuɗa abinci iri-iri a tukunya guda, wai yana ɓata ciki. Ba su ci nasara ba. 'Ya'yan baƙin sun saki harshen iyayensu, wasu har sunayensu suka sauya, amma teburin Lahadi ya tsaya, kuma a gidaje da yawa doka ce: duk inda ɗa ya je cikin mako, ranar Lahadi da rana a gan shi a mazauninsa.

To, yaya ake yin ta? Ga gida mai mutum 6 zuwa 8, ana bukatar ziti giram 450, watau kwali guda na can, da ricotta kamar giram 425, da cukun mozzarella giram 300 ko fiye, da cikin tafin hannu na busasshen cuku mai gishiri da aka goge, Parmigiano ko Pecorino, da ƙwai guda. Wanda bai sami ziti ba, kowace gajeriyar makaroni mai faɗin rami ta wadatar.

Miya ake fara ɗorawa. A zuba man zaitun a tukunya, a sa tafarnuwa ƙwaya 3 ko 4 da aka yanka, a bar ta ta yi ƙamshi amma kada ta yi baƙi, domin in ta ƙone ɗacinta zai bi miyar har ƙarshe. A zuba tumatirin gwangwani wanda aka ɓare, babban gwangwani na giram 800 da rabin wani, a murmushe shi da hannu, a sa gishiri da ɗan barkono, a rage wuta ya yi ta dahuwa minti 30. Dab da saukewa a jefa ganyen ɗoɗɗoya. Kada a bari miyar ta yi kauri ƙwarai, domin taliya za ta sha rabonta a cikin tanderu. A gidajen Italiyawan Amurka da yawa akan sa naman alade a wannan miya, amma wanda ba ya cinsa bai yi asarar kome ba: niƙaƙƙen naman sa rabin kilo da aka soya tukuna yana yin aikin, kuma ziti da ricotta ba tare da nama ba tsohon girki ne mai zaman kansa. Mabiya ɗarikar Katolika a Amurka ba sa cin nama kowace Jumma'a har zuwa 1966 da limamansu suka sassauta dokar, saboda haka uwayen gida sun daɗe da sanin yadda cuku ke tsayawa a madadin nama.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne dafa taliyar. A tafasa ruwa mai yawa da gishiri, a zuba ta, a tsame ta minti 2 ko 3 kafin lokacin da aka rubuta a jikin kwali, tana da sauran tauri a tsakiya. Wadda ta dahu luguf a ruwa, in ta sake shiga wuta sai ta zama kamar ɗumamen tuwo, ramin ya rufe, miya ta rasa wurin shiga. Kada kuma a ɗauraye ta da ruwan sanyi, domin ɗan yauƙin da ke jikinta shi ke kama miya.

Ricotta kuwa ta cancanci a tsaya a kanta. Ma'anar sunan ita ce wadda aka sake dafawa. Idan makiyayi ya daskarar da madara ya kwashe cukunsa, akwai wani ruwa tsararo da ke ragewa. Maimakon ya zubar, sai ya mai da shi wuta har ya kusa tafasa, sauran amfanin madarar da ya ɓuya a ciki ya taso sama fari tas kamar auduga, ya yaɗe shi ya zuba a ɗan kwando ya tsane. Watau dai abincin wanda ba ya zubar da kome ne. A Sisili da wajen birnin Rum da ruwan madarar tumaki aka fi yin ta, a Amurka kuwa yawanci da madarar shanu, kuma sau da yawa da madarar ce sukutum. Wannan hanya ta biyu kowa yana iya bi a gida, kuma duk macen da ta taɓa yin awara za ta gane aikin nan take. A ɗora sabuwar madara lita 2 da ɗan gishiri har ta fara ƙananan kumfa a gefe, a sauke, a zuba ruwan lemon tsami kamar cokali 5 na cin abinci, a juya sau ɗaya, a ƙyale ta minti 10, sa'an nan a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Abin da ya rage a ƙyallen zai kusa isa tire guda. Madarar kwali mai daɗewa ba ta kama jikinta sosai, gara ta saniya.

A kan yadda za a sa ricotta ɗin ne gidaje suka rabu, kuma kowace uwar gida tana ganin ta maƙwabciyarta kuskure ce. Wasu suna cakuɗa ta da miya da taliya gaba ɗaya har kome ya koma ruwan hoda. Wasu suna buga ta da ƙwai da busasshen cuku da masoro, su ajiye ta cokali-cokali a tsakanin taliyar. Ta biyun ta fi. Ricotta ba ta narkewa kamar sauran cuku. In ta watsu cikin miya mai tsami ta sha zafi, sai ta saki ruwanta ta koma tsaki-tsaki a baki. In kuwa tana dunƙule, ƙwai ya riƙe ta, taliya ta kare ta daga wuta, mai ci zai riƙa cin karo da ita lallausa a tsakiyar loma, sanyin ɗanɗanonta yana kashe kaifin tumatir.

Sai a shafa miya a gindin tire, a juya taliyar da kashi biyu cikin uku na sauran miyar, a zuba rabi, a jera ricotta da rabin mozzarella da aka yanka ƙanana, a rufe da sauran taliya, a malala sauran miya, a barbaɗa sauran cuku. A rufe da takardar alminiyam a sa a tanderu mai zafin digiri 190 na minti 20, a buɗe a ƙara minti 15 har saman ya yi ja. In an fitar, a yi haƙuri minti 10 zuwa 15 kafin a sa cokali, in ba haka ba sai ta wargaje a faranti. Bakin taliyar da ya leƙo sama ya ƙame, musamman na kusurwa, shi yara ke faɗa a kai, kuma manya ma kunya ce kawai ke hana su.

Baƙon da ya zo daga Napoli yakan yi wa wannan tire kallon hadarin kaji. A ganinsa miya ta yi yawa, cuku ya yi yawa, tafarnuwa ta wuce kima. Bai yi ƙarya ba, sai dai yawan shi ne labarin. Mutanen da suka bar gida saboda yunwa ba su ga dalilin yin ƙwauro ba ranar da suka samu, kuma jikokinsu sun gaji hannun ko da ba su gaji yunwar ba.

Akwai kuma abin da ya sa ziti ta fi sauran girke-girkensu shiga hidimar dangi. Ba ta da wuyar jerawa kamar lasagna, tana da arha, tana ciyar da taro, ana iya haɗa ta yau a gasa gobe, tana jure tafiya a bayan mota, kuma tana yin wata 2 ko 3 a daskare a firiza. Saboda haka ita ake kai wa mai jego, da wanda aka sallamo daga asibiti, da gidan da aka yi rasuwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A waɗannan unguwanni ƙafar ba ta zuwa hannu rabbana. Maƙwabciya takan miƙa tiren a bakin ƙofa, da 'yar takarda a kai mai faɗin zafin tanderu da yawan mintoci, domin wanda ke cikin makoki ba ya iya tunanin girki, amma yaransa sai sun ci.

Masu shirya wasan talabijin ɗin nan The Sopranos, wanda tashar HBO ta nuna daga 1999 zuwa 2007 a kan wasu iyalan Italiyawa na New Jersey, sun san nauyin wannan abu. A kashi na huɗu, na 2002, matar wani da ake kira Bobby ta rasu a haɗarin mota, ta bar tiren ziti na ƙarshe da ta haɗa a cikin firiza. Mata suka yi ta kawo masa abinci, amma wannan tiren ya hana kowa taɓa shi, domin muddin yana nan, akwai sauran girkin matarsa da bai ci ba. Janice, wadda ke neman maye gurbin marigayiyar, ta gane cewa ba ta da wuri a gidan sai ranar da tiren ya fita, ta yi ta matsa masa har ya sallama. Aka ɗumama shi, suka zauna su biyu a tebur, ya ɗauki cokali.