Likitan da ke tambayar sana'a: giɓin da gubar Zamfara ta tona

A farkon shekarar 2010, lokacin da yara ƙanana suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, zaton farko ya tafi ne kan zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko kuma sanƙarau. Alamomin sun yi kama: amai, jijjiga, suma. An ba da maganin waɗannan cututtuka, yaran ba su daina mutuwa ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka aika jinin yaran gwaji, aka kuma lura da aikin da ake yi a cikin gidajen, sannan gaskiya ta fito. Iyaye na kawo duwatsun zinare gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Aƙalla yara 400 ne suka rasu. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka mutu.

Tambayar da ta warware wannan ƙulli tsohuwa ce. Tun a shekarar 1700 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'o'i, ya kuma shawarci likitoci da su riƙa tambayar majiyyaci aikin da yake yi. Daga nan aka samu reshen likitanci da ke kula da lafiyar ma'aikata da muhalli, wanda har yau bai samu gindin zama sosai a asibitocin Najeriya ba.

Wannan fanni ba a iya koyon sa a gefen gadon majiyyaci kaɗai, shi ya sa ƙasashen da suka ɗauke shi da muhimmanci ke mayar da likita aji bayan ya gama digirinsa. A Amurka, likitan da ke neman wannan ƙwarewa sai ya haɗa aikin asibiti da darussan digiri na biyu a lafiyar al'umma ko makamancinsa. Ana koya masa yadda ake bin diddigin cuta a cikin jama'a, da lissafin alƙaluman lafiya, da ilimin guba, da yadda ake auna ƙura da hayaƙi da ƙara a wurin aiki, da kuma dokokin ƙwadago da na diyya. A Birtaniya akwai tsangaya ta musamman da aka kafa domin fannin tun 1978. Amfanin waɗannan darussa ya fito fili a Zamfara. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma ba shi da wani tasiri mai ɗorewa muddin yaro zai koma wasa a ƙasar da ta gurɓata. Dole ta sa aka fara kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa kafin a ba da magani, kuma jinkirin sakin kuɗin wannan aiki ne ya sa yaran Bagega suka yi ta jira har 2013. Likitan da bai karanci muhalli ba, maganin kawai zai rubuta ya sallami yaron.

A Najeriya, hanyar ƙwarewa ta bi ne ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da takwararta ta Afirka ta Yamma. A can lafiyar ma'aikata wani sashe ne a ƙarƙashin fannin lafiyar al'umma, kuma wasu jami'o'i na koyar da ita a matakin digiri na biyu. Saboda haka ba za a ce babu komai ba. Sai dai 'yan ƙalilan ɗin da suka ƙware, galibinsu kamfanonin mai da manyan masana'antu ne ke iya ɗaukar su, alhali alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki suna sana'o'in da ba na albashi da rajista ba ne. Ma'ana dai, likitan na Fatakwal ko Legas, haɗarin kuwa na rumfar mai walda, da wurin mai injin niƙa, da ramin mai haƙar ma'adinai.

A nan ne ya kamata masu tsara manhaja su yi karatun ta-natsu. Littattafan da ake shigowa da su an rubuta su ne domin ma'aikatar da ke da shugaba, da rajistar ma'aikata, da asibitinta. Ba su san gidan da shi ne wurin aiki, shi ne kuma ɗakin renon jariri ba. Likitan da zai yi aiki a Kano yana buƙatar sanin abin da sinadarin kuromiyom ke yi wa fata da hancin ma'aikacin masana'antar jima a Challawa da Sharaɗa. Na karkara yana buƙatar gane gubar maganin feshi a jikin manomi. Sannan ga ƙurar dutse, wadda ke taruwa a huhun masu fasa dutse tsawon shekaru: hoton ƙirjinsu na iya rikicewa da na tarin fuka, kuma ita kanta ƙurar na ƙara haɗarin kamuwa da tarin. Mutum zai iya shan maganin wata shida, ya koma wurin aikinsa, ya dawo da numfashi sama-sama, ba tare da kowa ya tambaye shi inda yake wuni ba.

Ga ma'aikacin gwamnati da na kamfani kuwa, batun ya shafi aljihu kai tsaye. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, kuma ta lissafa cututtukan da aiki ke haddasawa. Amma diyya ba ta fita sai da shaidar likita cewa aikin ne sanadi. Wanda inji ya datse wa yatsa, lamarinsa a bayyane yake. Wanda ƙarar inji ta kurmantar sannu a hankali cikin shekara goma sha biyar, haƙƙinsa na rataye ne da samun likitan da ya iya gwajin ji, ya kuma san cewa ƙarar da ta haura ma'auni 85 na tsawon sa'a takwas a kullum tana kashe kunne. A Afirka ta Kudu, bayanan lafiya irin waɗannan na cikin abin da ya sa kamfanonin zinare suka amince a 2018 su biya rand biliyan 5 ga ma'aikatan da ƙurar dutse da tarin fuka suka nakasa.

Ba lallai ne kowane likita ya shafe shekaru yana ƙwarewa ba. Gajeren kwas na difuloma ga likitocin manyan asibitocin jihohi, tare da na'urar gwajin dalma a yankunan haƙar zinare, zai rufe babban ɓangare na giɓin, kuma jihohi na iya ɗaukar nauyinsa. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 187 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan kare lafiya a wurin aiki a 2022. A shekarar ce kuma MSF ta miƙa wa hukumomin Zamfara aikin kula da gubar dalma, bayan ta shafe sama da shekara goma tana yin sa. Haƙar zinaren dai ba ta tsaya ba.