Tsohuwar MGB da sabon fetur

A watan Satumba na 2021 gidajen mai a Birtaniya suka koma sayar da fetur E10, wanda har zuwa kashi 10 cikin ɗari nasa barasar etanol ce. Masu sababbin motoci ko a jikinsu. Masu MGB kuwa, 'yar ƙaramar motar gudun nan da aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, sai hankalinsu ya tashi.

Suna da hujja. Etanol na zuƙar danshin iska, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya haifar da tsatsa, tsatsar ta bi bututu ta toshe kafireto biyun nan ƙirar SU. Tana kuma cin tsohuwar roba, tiyo ya tsage, fetur ya riƙa ɗiga kusa da inji mai zafi. Mai motar kuwa, galibi, kuɗinsa a fenti ya ƙare.

Sauya tiyo ɗaya kwaskwarima ce. Tanki, famfo, matatar mai da bututai duk a sabunta su lokaci guda, da robar da ke jure etanol. Kafireton dai a gyara shi a bar shi, kada a musanya shi da injekta: MGB mai injekta ta tashi daga MGB.