Masu cewa Gift Ngoepe ya faɗi, ku ji tsoron Allah



Wata gardama ce ta taso a teburin mai shayi, har yau ba ta bar raina ba. Na kawo labarin Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu da ya buga besbol a Amurka, sai wani dattijo ya katse ni, wai mutumin da ya yi shekara kusan tara yana jira, sannan ya buga wasa 41 kacal a babbar gasa, ai wannan ya faɗi. Mutane suka yi dariya. Ni kuwa na ce wallahi wannan tunanin shi ke cin 'ya'yanmu.

Ga yadda abin yake. An haifi Ngoepe a 1990. Mahaifiyarsa tana aikin shara da wanke-wanke a kulob ɗin besbol na Randburg Mets, kusa da Johannesburg, kuma a wani ɗan ɗaki na wannan kulob suka zauna, wato filin wasan shi ne tsakar gidansu. A 2008 ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi. To amma a besbol ɗauka ba ita ce isa ba. Akwai ƙananan gasanni hawa-hawa, kowane da nasa garin, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya: ya yi Bradenton, ya yi Altoona, ya yi Indianapolis, ga doguwar tafiya a bas, ga albashin da bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan waɗanda ake ɗauka a nan suke ƙarewa, ba su taɓa leƙa sama ba. A 2013 mahaifiyarsa ta rasu yana kan wannan hanya. Ya koma ya ci gaba.

Ranar 26 ga Afrilu 2017 aka sa shi a wasan Pirates da Chicago Cubs, ya zama haifaffen nahiyar Afirka na farko da ya buga babbar gasar. A bugunsa na farko ya yi nasara a kan Jon Lester, ɗaya daga cikin gwanayen jifa na lokacin. A 2018 ya buga wa Toronto Blue Jays wasu 'yan wasanni, daga nan bai sake komawa sama ba.

Wannan ne faɗuwa? Yaron da ya tashi a ɗakin mai shara ya buɗe ƙofar da babu wani ɗan nahiyarmu da ya taɓa buɗewa, mu kuma muna zaune kan benci muna ƙirga masa wasanni.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu wannan maganar su ne ke sayar da fili a gida su damƙa wa wani dillali kuɗi, wai zai kai yaro gwajin ƙwallon ƙafa a Turai cikin wata uku. Dillali ya ɓace, yaro ya rasa makaranta, ya rasa ƙwallon, ya dawo yana zaman kashe wando a bakin tasha. Kuma mun san da haka, don a gabanmu ake yi. Muna son ɗanmu ya fara daga sama, alhali wanda ya yi haƙuri ya hau tsani muna kiransa wanda ya faɗi.

Na yarda haƙuri kaɗai ba ya kai kowa. Da yawa sun jira kamar Ngoepe ba su samu ba, shi ya sa nake cewa yaro ya riƙe boko ko sana'a da hannu ɗaya. Amma mu da kakanninmu suka zo Kudu fataucin goro da shanu, suka fara da kwana a rumfa kafin su gina unguwa, bai kamata a ce mu ne ke raina mai farawa daga ƙasa ba.

In ɗanka na da baiwa, ka kai shi ƙaramin kulob na unguwa, ka je ka ga kocinsa da idonka, ka bar shi ya yi shekarunsa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi kafin gwaji, ka riƙe aljihunka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin hawa tsani. Wassalam.