Motar Baba Ba Kayan Gwangwan Ba Ce

Duk wanda ya tashi a Randagi ko wani gari na ƙasar Birnin Gwari ya san irin motar da muke nufi. Tana nan a ƙofar gida ko gindin mangwaro, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta: Peugeot 504, ko tsohuwar 404 a-kori-kura da ta sha dakon masara zuwa kasuwa. Ran da mai ita ya rasu, kafin a share makoki 'yan gwangwan sun iso da sikeli. A daddatsa ta, a auna, a biya kuɗin ƙarfe. Wannan asara ce, kuma mu 'ya'yan da aka yi wa boko mu ne kan gaba wajen sallamawa, wai tana ɓata ƙofar gida.

Mu fara da abin da ake aunawa. An fito da 504 a Faransa a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000, alhali Faransa ta daɗe da dainawa. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ke kai amarya. Hannun mutanen jiharmu ne ya ɗaura notinta. Kayan ƙarfe nawa gare mu da za mu faɗi haka a kansu?

Amma akwai abin da ya fi tarihi. Mun san kunyar da ke tsakanin uba da ɗa a ƙasar Hausa, musamman ɗan fari, wanda wani uban ko sunansa ba ya kama wa. Gaisuwa ce a durƙushe, sai aike, shi ke nan. Inda wannan katanga take rusawa shi ne gaban mota idan an ɗaga bonet. "Kai, miƙo sifana goma sha uku." "Ga ta, Baba." Daga wanke fulogi da busa kafireto sai labari ya ɓalle: yadda ya koyi tuƙi, ranar da lagireto ya tafasa a hanyar Tegina, bashin da ya ci kafin ya mallaki motar. Da yawanmu a nan muka fara jin dariyar iyayenmu maza, a nan kuma aka koya mana cewa kome ya lalace yana da dalili, bi shi za a yi daki-daki har a gano.

Da wannan darasin muke cin abinci yau, mu masu rubuta manhaja. Don haka mun san abin da muke faɗi idan muka ce motar zamani rufaffen akwati ce. Fitila ta kama a gaban direba, sai a nemi mai na'ura ya jona, ya karanto lambobi, ya ce a sake ƙwaƙwalwar motar. Uba na tsaye, ɗa na tsaye, ba mai abin koya wa wani. Har a Amurka abin ya ishi mutane: a 2012 jihar Massachusetts ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota buɗe bayanan gyara ga ƙananan gareji, manoma kuma sun yi shekaru suna rigima da John Deere kan 'yancin gyara tarakta da suka saya da kuɗinsu. Su suna fafutukar samun abin da mu muke sayarwa a kilo.

Za a ce tana shan mai. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya ji a jikinsa. Za a ce hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ba wurin da mota za ta mace wa mutum ba ce. Wannan ma gaskiya ne, mun binne mutane saboda dajin nan, ba za mu ce wa kowa ya ratsa shi da injin da ya shekara arba'in ba. A tayar da ita ran Juma'a, a kai tsoho masallaci, a leƙa gona, ya wadatar. Kayan gyaranta kuwa a bincika Panteka.

Za a kuma ce gado ne, akwai haƙƙin mata da marayu. To a yi mata kuɗi na adalci, ɗaya daga cikin magada ya saya, a ba kowa rabonsa. Ai ko dillalin mota zai fi mai sikeli taya ta da daraja.

Wanda mahaifinsa ke raye, kada ya jira ranar rabon gado. Ya sayi batir da galan ɗaya na mai, ya je gida da ɗansa, ya durƙusa ya ce, "Baba, ko za a nuna mana yadda ake tayar da ita?" Tsohon zai yi faɗa, zai ce an bar ta ta lalace. Daga nan zai ce a ɗauko masa sifana.